Makiyayiyar Da Ta Rubuta Littafi

Yau labarin wata Bafaransa na kawo muku, sunanta Marguerite Audoux, Faransawa kuwa Odu su ke cewa.

An haife ta a 1863 a wani ƙaramin gari, Sancoins, a tsakiyar ƙasar Faransa. Tana da shekara 3 uwarta ta rasu, uban kuma ya yi tafiyarsa ya bar ta da yayarta. Daga baya aka kai su gidan marayu a birnin Bourges, inda ta shekara 9 a hannun sistocin coci. Can ta koyi karatu da ɗinki, iyakar makarantarta ke nan.

A 1877 aka ba da ita aikatau a wata gona a ƙasar Sologne, ƙasar dazuzzuka da tafkuna da hazo. Aikinta kiwon tumaki da hidimar gida. Wani saurayi ɗan masu hali ya so ta, ita ma ta so shi, amma danginsa suka ce faufau, ɗansu ba zai auri baranya marainiya ba. Sai ta tattara 'yan komatsanta, ta nufi birnin Paris a 1881.

A Paris allura ce ta ci da ita, wata rana a samu, wata rana a rasa. Ta haihu sau ɗaya, ɗan bai zauna ba, ta ɗauki 'yar yayarta ta riƙe. Ga kuma ciwon ido yana damunta. Amma in dare ya yi ta ajiye ɗinki, sai ta jawo littafin rubutu irin na 'yan makaranta, ta riƙa rubuta abin da ta tuna na ƙuruciyarta, ta ɓoye.

Ana nan sai wani saurayi mai neman 'yar riƙonta ya ga rubutun, ya nuna wa abokansa marubuta. Magana ta kai kunnen Octave Mirbeau, babban marubuci a zamanin, ya tsaya tsayin daka aka buga littafin a 1910 da sunan Marie-Claire. A watan Disamba na shekarar aka ba ta kyautar Femina, wadda mata zalla ke zaɓen mai cinta. An sayar da littafin fiye da 100,000, aka kuma juya shi cikin harsuna da dama. Tana da shekara 47 sa'an nan.

To, me ke cikinsa? Ba sarakuna, ba yaƙi. Marainiya ce da sistar da ta riƙe ta kamar uwa, da ranar da kyarkeci ya sure mata tunkiya, da tsohon littafin da ta tsinta a gidan gona ta yi ta karantawa. Mutanen birni da ba su taɓa taka Sologne ba suka san ƙasar ta bakin makiyayiya. Masu hassada suka ce ai rubuta mata aka yi, gama ba ta iya jera haruffa daidai ba. Gaskiya ne ta kan yi kuskuren haruffa, aka gyara mata. Amma wa zai ara mata abin da idonta ya gani? Ta ƙara littattafai 4, cikinsu har da labarin mata maɗinka na Paris a 1920. Ta rasu a 1937.

Kun ji fa. Ke 'yar makaranta mai tsoron jan biron malama, da ke uwargida mai cewa ba ki da labarin da ya isa rubutawa, haruffa ana gyara su, amma abin da ki ka sani na gida da gona da sana'arki, in ba ki rubuta ba, da ke zai tafi. Ki sayi littafin rubutu, ko layi biyar ne ki yi kafin barci.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.