SHAWARAR WATA: Kula da amalanke kafin ta kwanta a hanya

Lokacin cire albasa ya zo a fadamar Tarka da Majiya. Daga Sabon Gida zuwa Tunfafi, daga Karofane zuwa Buza, daga Tamaske da Ibohaman zuwa Keita, amalanke ba ta hutawa. Ita ke kai kaya kasuwa. Ita ke ɗauko ruwa da kara da taki. Makiyayi kuma a kanta yake aza tabarmi da ƙorai da yara in zai tashi. In naƙuda ta kama mace da dare, sau da yawa ita ce motar zuwa gidan likita. Don haka amalanken da ta lalace babbar hasara ce.

Ƙasar Adar ƙasar duwatsu ce. Aikin raya karkara na Keita, wanda aka soma a 1984 da taimakon Italiya, ya buɗe hanyoyi da dama. Amma har yau akwai tsakuwa da gangare da ƙorama. Ga abin da ya kamata mai amalanke ya kiyaye.

1. TAYA. Kowace safiya ya danna taya ya gani. Taya mai ƙarancin iska tana gajiyar da dabba, kuma gefenta yana tsagewa. In iska na sauka a hankali, ya sa miyau a bakin da ake ɗura iska. In ya yi kumfa, nan ne ciwon. In bai yi ba, ya fid da robar ciki, ya hura ta, ya tsoma ta cikin kwanon ruwa. Inda kumfa ta fito, nan hujin yake. Kafin ya mayar da ita, ya shafa cikin taya a hankali da tsumma. Sau da yawa ƙayar aduwa tana nan a maƙale, kuma za ta sake huda robar.

2. RULMA. Su ne ƙananan ƙarafa masu juyawa cikin cibiyar taya. Abincinsu giris, maƙiyinsu rairayi da ruwa. Bayan tafiya, ya taɓa cibiyar da hannu. In ta yi zafi ƙwarai, ko tana kuka, giris ya ƙare. Ya ɗaga gefen amalanke bisa duwatsu, ya kama taya ya girgiza. In tana rawa, rulma ta saki ko ta cinye. A kwance, a wanke da kananzir, a bari ta bushe, a sa sabon giris. Wadda ta fashe, a sake ta. Rulma ɗaya ta fi sandar ƙafafu araha.

3. NOTI DA KATAKO. Girgizar dutse tana kwance noti. Sau ɗaya a mako ya bi su duka ya ɗaure. In ya ga tsaga a ƙarfe, ya kai wa mai walda tun tana ƙarama. Katako kuma a shafa masa baƙin man mota saboda gara. A aje amalanke a inuwar bedi, don rana tana cin taya.

4. KAYA. Yawanci amalanken jaki an ƙera ta don kilo 500, ta shanu don kilo 1000. Babban buhun albasa ya kai kilo 100, wani ma ya fi. Ke nan buhu 4 sun ishi jaki, a rairayi kuwa a rage. A aza nauyi daidai bisa tayu, ya ɗan rinjaya gaba kaɗan. In ya yi gaba da yawa, yana danne dabba. In ya yi baya, yana ɗaga ta sama.

5. DABBA. Ita ce injin amalanke. A sa wa jaki akumari mai taushi. Karkiya ta zama mai santsi. In miki ya fito, a huta da dabbar, a wanke da ruwa da sabulu, a nemi malamin dabbobi. Kada a zuba baƙin mai a miki.

6. HANYA. Galibin amalanke ba su da birki. A gangare, mai ita ya sauka ya riƙe dabba, yara su ma su sauka. In ya tsaya, ya sa dutse ƙarƙashin taya. Kada ya shiga ƙorama tana gudu. Da dare bisa kwalta, ya riƙe fitila, ya kuma manna ƙyalli a baya don masu mota su hange shi.

Duk mai tafiya mai nisa ya tafi da famfon iska, da kayan faci, da abin ɗaure noti, da igiya, da gwangwanin giris. Rigakafi ya fi magani.

Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa. Wata mai zuwa: kula da injin ban ruwa.