Dutsen Agadez: mun sayar da littafin da ba mu karanta ba

A watan Yulin 2025, kamfanin gwanjo na Sotheby's da ke New York ya sayar da wani dutse mai nauyin kilo kusan 25 a kan dala miliyan 5.3, wato kusan sefa biliyan 3. An tsinto shi ne a yankin Agadez a watan Nuwamban 2023, masana kuma suka tabbatar ɓallin duniyar Mars ne. Gwamnati ta buɗe bincike, ta dakatar da fitar da irin waɗannan duwatsu. A ganina asarar ta wuce ta kuɗi.

Shekaru kimanin biliyan 4.6 da suka wuce, inda rana take a yau wani ƙaton gajimare ne na iskar gas da ƙura. Nauyinsa ya riƙa jawo shi yana dunƙulewa, yana juyawa, har ya baje kamar faifai. Tsakiyar ta matse, ta yi zafi, ta zama rana, wadda ta kwashe fiye da kashi 99 cikin 100 na kayan. A cikin ragowar, ƙwayoyin ƙura suka dinga mannewa da juna: daga ƙura zuwa tsakuwa, daga tsakuwa zuwa manyan duwatsu, waɗanda suka yi ta karo har suka zama duniyoyi. Kusa da rana zafi ya hana ƙanƙara zama, sai aka samu duniyoyin dutse irin tamu da Mars. Can nesa cikin sanyi, Jupiter da Saturn suka tara ƙanƙara da gas suka yi girma.

Wannan ba hasashe ba ne kawai. A 2014 na'urar hangen nesa ta ALMA da ke ƙasar Cile ta ɗauki hoton irin wannan faifai a kewayen wani sabon tauraro mai suna HL Tauri. Sai dai hoto daga nesa yake nunawa. Abin da ake iya riƙewa a hannu a auna shi ne duwatsun da ke faɗowa daga sama. Akasarinsu guntayen da ba su samu shiga cikin wata duniya ba ne, sun girmi kowane dutse na tsaunukan Ayar. Da irinsu aka gano shekarun rana. Hamada kuwa, saboda bushewarta, tana adana su shekaru dubbai.

Hani kaɗai ba zai wadatar ba, domin abin da aka hana a fili ta ɓarauniyar hanya yake fita. Kamata ya yi doka ta ce a yi wa kowane dutse rajista, a biya wanda ya tsinta haƙƙinsa, a yanki wani kaso a ajiye a gidan tarihi na Boubou Hama da Jami'ar Abdou Moumouni.

Ƴan uwanmu da ke karatun kimiyyar ƙasa a waje, ku ne za ku iya haɗa jami'o'inmu da ɗakunan binciken da ke da na'urorin. Ɗalibin Damagaram ko Tawa bai kamata sai ya nemi bizar Turai ba kafin ya ga dutsen da ya faɗo a ƙasarsa.