ZAUREN MALAM: Man Suyar Ƙosai A Tankin Mota

 

Ran Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci a Aboabo, wani tsohon ɗalibina mai jan trotro a nan Kumasi ya tare ni. Ya ce, "Malam, wai da gaske ne ana zuba man da aka gama suya da shi a mota ta tashi? Yayata mai ƙosai ta tara jarka biyu." Na ce masa da gaske ne, amma kada ya kuskura ya ɗura ko cokali guda sai ya ji sauran bayani. Da yake ba shi kaɗai tsadar mai ke ci wa tuwo a ƙwarya ba, na ga ya kamata in kawo amsar nan. Duk direba yana tune da ƙarshen 2022, lokacin da litar dizal ta haura sidi 20.

Abin ba sabo ba ne. A baje-kolin duniya da aka yi a Paris ta ƙasar Faransa cikin 1900, an tayar da injin dizal da man gyaɗa zalla, ya kuwa yi aiki. Dalili shi ne injin dizal ba ya bukatar fulogi. Iska yake matsewa har ta yi zafi, sai a fesa mai ya kama da kansa. Saboda haka mai motar fetur ya cire kansa daga wannan zance tun yanzu.

To, ina matsalar take? Kauri. Man girki ya ninka dizal kauri wajen sau goma. In ya shiga da sanyinsa ba ya fesuwa sosai, ba ya ƙonewa duka, sai ya bar dauɗa a bakin nozul da ringin fistin. Wani kuma ya zurara cikin baƙin man injin ya mai da shi kamar kunu. Motar za ta yi ta tafiya wata da watanni, mai ita yana murna, ran nan sai injin ya kwanta.

Masu yin abin da hankali tanki biyu suke sawa. Ana tayar da mota da dizal. Ruwan zafin lagireto kuma a bi da shi ta tiyo ya ɗumama tanki na biyu, har man ya kai zafin digiri 70 zuwa 80, inda yake tsinkewa. Sa'an nan direba ya murɗa makunni ya koma kan man suya. Kafin ya kashe mota da 'yan mintoci sai ya komo kan dizal, don ya wanke famfo da bututu. Wanda ya manta wannan, da safe zai sha turi, balle in manja ne, wanda ke daskarewa da sanyin hunturu.

Sai tsabtar man. A bar shi a durom mako biyu ko uku, ɓarɓashin ƙosai da ruwa su kwanta. A kwashi na sama kaɗai, a tace da ƙyalle mai kauri, a sake bi da shi ta filta. Ga gwaji mai sauƙi: ɗiga kaɗan a kasko mai zafi. In ya yi kumfa yana tartsatsi, akwai sauran ruwa, ruwa kuwa ajalin famfon mai ne.

Na uku, irin injin. Tsofaffin Benz 207 da muka saba gani a tasha suna da famfo mai jure wahala. Sababbin motocin da kwamfuta ke sarrafa fesa mansu ba su ɗaukar wannan wasa, gyaransu kuma ya fi ƙarfin ribar shekara. A je Suame Magazine a nemi makaniken da ya san famfon dizal, kuma a riƙa juye baƙin mai da wuri fiye da yadda aka saba.

Na tambayi ɗalibin nawa, jarka biyu kwana nawa za ta kai shi? Ya yi shiru. Iyayenmu mata ba su zubar da mai, ƙari suke yi a kan tsoho har ya ƙare. Wanda ke son yin abin nan da gaske sai ya ƙulla da otal-otal da manyan gidajen abinci, ya kuma lissafa kuɗin tanki da tiyo da filta kafin ya taɓa motar da yake ci da iyali da ita.

Amma akwai ribar da ta fi ta aljihu. Man da aka soya aka sake soyawa har ya yi baƙi yana hayaƙi ba alheri ba ne ga cikin ɗan Adam, yaranmu kuwa shi suke ci kullum a bakin makaranta. Zuba shi a kwata kuma toshe magudana ne. In direbobin zango za su riƙa sayensa hannun masu suya, mai ƙosai ta sami na sayen sabo, yaro ya ci mai kyau, mota ta sami abin sha. Sai dai a bi a hankali, gaggawa ba ta haifar da ɗa mai ido.

Sai wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.