Zauren Uwargida: Ɗiyarki na Son Zama Likita? Duba Turancinta



Kowaccenmu in ta je awon ciki, ko naƙuda ta taso, addu'arta ita ce ta tarar da 'yar uwarta mace za ta duba ta. To amma likita mace daga ɗakinki da nawa take fitowa. Malamai sun sanya ilimin likitanci cikin farillan kifaya, wato in kowa ya bar shi, laifin na wuyan al'umma.

A Islamiyyarmu na sha ganin yarinya mai kaifin hadda, ga ƙoƙari a lissafi, amma Turanci ya tare mata hanya. Kafin ta shiga sashen likitanci na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, sai ta samu kiredit 5 a WAEC ko NECO, har da Turanci. A jarrabawar JAMB ma Turanci dole ne. In ta shiga, shekara 6 za ta yi tana karatu, lacca da littattafai da bayanin majinyaci a gaban manyan likitoci a asibitin koyarwa na Shika, duk da Turanci. Haka abin yake ga mai neman makarantar koyon aikin lafiya ta Shehu Idris da ke nan Makarfi.

Ke da kika san tajwidi, kin san wasali ɗaya kan juya ma'anar aya. Haka yake a asibiti: "hyper" na nufin abu ya hau, "hypo" kuma ya sauka. Hawan jini da faɗuwar jini ke nan. In aka rubuta wannan a madadin wancan, rai ne a tsakani.

Ko ba kya jin Turanci, kina da rawar takawa. Bayan sallar isha'i, sa ta karanta shafi ɗaya da ƙarfi, sannan ta yi miki bayaninsa da Hausa. In ta kasa, ba ta gane ba, haddacewa kawai ta yi. Ki roƙi maigida ya saya mata ƙamus, ki kuma rage mata aikin gida lokacin jarrabawa.

Kada kuma ta yar da Hausarta. Tsohuwar da za ta zo mata daga Kudan ko Ikara da Hausa za ta faɗi inda ke mata ciwo.

Allah Ya albarkaci zuri'armu. Sai wata mai zuwa in Allah Ya kai mu.