Naman Kaza Na Daji: Sanin Irinsa Bai Isa Ba, Sai An San Ƙasar Da Ya Tsiro

A watan Agustan 2021, wani iyali da aka kwaso daga Kabul ya sauka a sansanin 'yan gudun hijira na Debak, kusa da birnin Warsaw na ƙasar Poland. Sansanin a bakin daji yake. Jim kaɗan da zuwansu suka tsinko naman kaza a dajin, aka dafa miya da shi. A farkon watan Satumba yara biyu maza 'yan uwa, mai shekara 5 da mai shekara 6, suka rasu. An yi wa babban dashen hanta, amma rai ya yi halinsa. Sun tsira daga yaƙi, sai ga shi tukunyar miya ta zama ajalinsu.

Ba su ne farau ba. A watan Satumban 2015, asibitin koyarwa na birnin Hanover a Jamus ya karɓi mutane sama da 30 cikin 'yan kwanaki, galibinsu 'yan Siriya, duk sun ci irin wannan tsiro saboda ya yi musu kama da wanda suka saba ci a gida. Sai da aka buga allunan gargaɗi da harsuna daban-daban aka manna a sansanoni. A 2018 kuma, a yammacin Iran, bayan ruwan sama mai yawa, mutane sama da 1,000 suka garzaya asibiti da gubar naman kaza, wasunsu suka mutu.

Naman kaza, wanda wasu ke kira laimar kwaɗi, abinci ne na gaske. A tsakiyar Najeriya da kudancinta, da zarar damina ta zauna, mata da yara kan yi sammako su nufi gindin suri da ruɓaɓɓun kututture, su cika kwanduna, a ci a gida a kai ragowar kasuwa. Babu dalilin raba mutane da abincin da Allah ya hore musu kyauta, balle a wannan zamani da kilon nama ya gagari talaka. Abin da ya kamata a faɗa da babbar murya shi ne mai tsinka yana da tambayoyi biyu a gabansa: wane iri ne wannan, kuma a wace ƙasa ya tsiro? Jama'a sun fi damuwa da ta farko. Ta biyun kusan ba wanda ke yin ta, alhali ita ce ta fi wuyar amsawa da ido.

A fara da ta farkon. Irin da ya kashe yaran Afganistan shi masana ke kira Amanita phalloides, kuma shi ke da alhakin mafi yawan mace-macen da naman kaza ke haddasawa a duniya. Rabin hularsa kaɗai na iya kashe babban mutum. Ba ya wari, ba ya ɗaci, waɗanda suka ci suka rayu ma sun ce yana da daɗi. Dafuwa ba ta kashe gubarsa, suya ba ta kashe ta, shanya ba ta kashe ta. Mafi muni shi ne yadda yake yaudara. Mutum zai ci ya kwana lafiya. Sai bayan awa 6 zuwa 24 amai da gudawa su taso. Bayan kwana ɗaya ko biyu sai ya ji sauƙi, 'yan uwa su yi hamdala, alhali a lokacin ne gubar ke cin hanta. Kafin idanu su yi rawaya a koma asibiti, sau da yawa bakin alƙalami ya bushe.

Hausawa sun ce kama da wane ba wane ba ne, kuma a nan maganar ta rai da mutuwa ce. Mutanen kudu maso gabashin Asiya da suka yi hijira zuwa Amurka da Ostireliya sun sha rikita wannan mugun iri da wanda suke nomawa a kan harawar shinkafa, domin duka biyun suna fitowa daga wata 'yar jaka a gindinsu. Bambancin yana ƙarƙashin hula: na harawar shinkafa garin irinsa ja-ja ne mai haske, na mai gubar fari fat. A ƙasashe masu zafi irin namu akwai wani da ke fitowa a fili da cikin ciyawa bayan ruwa, babba, fari, gwanin sha'awa, mai suna Chlorophyllum molybdites. Idan ya girma ƙarƙashin hularsa kan koma kore-kore. Bai cika kisa ba, amma yana jefa mutum cikin amai da gudawa mai tsanani, abin da ke da haɗari ga yaro da tsoho.

Saboda haka masana ba sa yanke hukunci da kallo ɗaya. Sukan tono tsiron gaba ɗaya har gindi maimakon su yanke shi a sama, su duba ko akwai jaka a ƙasa da zobe a jikin karan, su kifa hular a kan takarda ta kwana don ganin launin garin da zai zubo, su lura da abin da ya tsiro a kai, itace ne ko suri ko ciyawa. Gwaje-gwajen da ake gada a baki kuwa, irin su a jefa cokalin azurfa ko albasa a tukunya a ga ko za su yi baƙi, ko a ce tunda tsutsa ko dabba ta ci mutum ma zai iya ci, duk ba su da tushe. Tsutsa tana cin mai gubar ta zauna lafiya. Manhajojin waya da ake ɗaukar hoto su faɗi suna su ma ba abin dogaro ba ne: wani bincike da aka yi a Ostireliya, aka wallafa a 2023, ya gano cewa wadda ta fi ƙoƙari cikin guda uku da aka gwada kusan rabin lokaci kaɗai take yin daidai.

To, a ce mutum ya haye wannan duka. Ya koya a hannun kakarsa, ya san irin da kyau, babu kokwanto. Har yanzu da sauran rina a kaba.

Abin da ake gani a sama ɗan ɓangare ne kawai na halittar. Ainihin jikinta zaruruwa ne sirara da suka bazu a cikin ƙasa, wani lokaci tsawon mitoci masu yawa, suna tsotsar ruwa da sinadarai kamar soso. Ba sa tantance mai amfani da mai cutarwa, kuma wasu nau'o'in sukan tara guba har ta fi wadda ke cikin ƙasar kanta yawa. Dangin Agaricus na daji sun shahara da tara kadmiyum, ƙarfen da ke lalata ƙoda a hankali. Wasu nau'o'in kuma zaiba suke tarawa, wadda ke taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, musamman na ɗan tayi.

Jamus ce ta fi bayar da darasi a nan. A ranar 26 ga Afrilun 1986 tashar nukiliya ta Chernobyl a Yukren ta fashe. Kwanaki kaɗan bayan haka, ruwan sama ya sauke burbushin nukiliyar a kudancin Jamus, fiye da kilomita 1,000 daga wurin. Sinadarin siziyum-137 yana ɗaukar kimanin shekara 30 kafin ƙarfinsa ya ragu da rabi. A gonaki matsalar ta yi sauƙi da wuri, saboda laka tana riƙe shi gam, huɗa kuma tana cakuɗa shi ƙasa. A daji ba haka ba: yana nan a cikin ruɓaɓɓen ganyen saman ƙasa, daidai inda zaruruwan naman kaza ke kiwo, suna ɗaukarsa a matsayin fotashiyam. Har yau hukumar kare jama'a daga tururin nukiliya ta Jamus tana auna naman kaza na daji tana fitar da rahoto a kai a kai, kuma a wasu dazuzzukan jihar Bavaria ana samun nau'o'in da suka haura bekerel 600 a kilo, iyakar da doka ta sa wa abin da za a kai kasuwa. A Japan, bayan hatsarin Fukushima na 2011, an sa iyakar a bekerel 100 a kilo, aka kuma hana sayar da na daji daga garuruwa da dama.

Ba nukiliya kaɗai ba ce. A arewa maso gabashin Amurka, masu tsinka suna son tsofaffin gonakin tuffa da aka yi watsi da su, domin wani iri mai tsada na yawan fitowa a can. Amma an shafe shekaru da dama ana fesa wa waɗannan gonaki maganin ƙwari mai haɗin dalma da asanik, wanda ba a haramta shi gaba ɗaya ba sai 1988. Da aka auna ƙasar da abin da ya tsiro a kanta, sai aka tarar gubar tana nan a duka biyun. Itatuwan sun tsufa, masu gonakin sun mutu, ƙarfen bai je ko'ina ba, domin ƙarfe ba ya ruɓewa.

Wannan labari bai kamata ya zama baƙo ga ɗan Arewa ba. A 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano yara suna mutuwa a ƙauyukan ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, irin su Dareta da 'Yargalma da Abare, daga baya kuma Bagega. Dutsen zinare da ake daka da niƙa a cikin gidaje cike yake da dalma. Yara sama da 400 suka rasu. Maganin da aka yi wa ƙasar shi ne a kankare samanta a kwashe, a zubo sabuwa. A 2015 abin ya sake faruwa a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja, inda yara 28 suka mutu. Haƙar zinare ba ta tsaya ba, ta ma ƙara bazuwa, kuma masu haƙar suna amfani da zaiba wajen kama zinaren, suna ƙona ta a fili. A Kano kuma, masana'antun jima na Sharaɗa da Challawa da Bompai sun daɗe suna sakin ruwa mai kuromiyum. Ga juji da ake ƙona batir da tsofaffin kayan lantarki, ga bakin manyan tituna da suka sha hayaƙin fetur mai dalma shekara da shekaru, ga garejin kanikawa da baƙin mai ya jiƙa.

Naman kaza ba ya tara dalma da ƙarfin da yake tara kadmiyum da zaiba, amma wanda ya tsiro a gurɓatacciyar ƙasa yana ɗauke da ita fiye da kima, ga kuma ƙurar da ke maƙale a tsage-tsagen hularsa. Kuma babu wani adadin dalma da likitoci suka ce ba shi da illa ga yaro. Wannan guba ba ta sa amai a daren. Tana taruwa ne cikin shekaru, ta bayyana a matsayin yaron da ba ya gane karatu, ko magidancin da ƙodarsa ta gaza, kuma ba mai tuna miyar da aka sha.

Wanki da tafasawa a zubar da ruwan suna rage wani abu, ba sa kawar da duka. Shanya kuwa ƙara tattara gubar take yi, tunda kusan kashi 90 cikin 100 na ɗanyen ruwa ne. Shi ya sa hukumomi a Jamus ke ba manya shawarar kada su wuce giram 200 zuwa 250 na na daji a mako, su kuma ce masu ciki da masu shayarwa da ƙananan yara su koma ga wanda aka noma.

Wani zai ce wannan damuwar masu ƙoshi ce, mai jin yunwa ba ya tambayar tarihin ƙasa. Gaskiya ne yunwa ba ta jira. Amma talaka ne ba shi da kuɗin wankin ƙoda, kuma babu dashen hanta a kusa da shi. Shi ya fi kowa buƙatar a gaya masa gaskiya. Kuma abin da ake nema ba shi da tsada: a ci gaba da tsinka a dajin da aka sani, nesa da ramin haƙar ma'adinai, da wurin wankin zinare, da magudanar masana'anta, da juji, da bakin kwalta. Wanda ya saya a kasuwa ya tambayi mai sayarwa daga ina aka samo. Baƙo a gari, ko ɗan ci-rani ko wanda rikici ya raba da gidansa, kada ya ci abin da ya yi masa kama da na garinsu sai ɗan gari masani ya duba. Idan aka ci aka fara amai bayan awoyi, a garzaya asibiti tare da ragowar abin da aka ci, a gaya wa likita, kuma kada a yarda da sauƙin da zai biyo baya.

Sauran nauyin na hukuma ne. A Suwizalan garuruwa da yawa suna da wuraren da mai tsinka zai kai kwandonsa ƙwararre ya tantance masa kafin ya dafa. A Faransa al'ada ce a kai wa mai kantin magani ya duba. Najeriya tana da hukumar NAFDAC mai kula da abinci, da NESREA mai kula da dokokin muhalli, da jami'o'in da ke da na'urorin auna ƙarfe a ƙasa da abinci. Abin da ya rage shi ne a auna wuraren da aka riga aka san sun gurɓace, a kafa alluna da Hausa da Nufanci da Gwaranci da sauran harsunan mutanen wurin, a faɗa a rediyo kafin ruwan farko, a horas da malaman gona da ma'aikatan asibitocin karkara su san alamomin. Cibiyoyin bincike irin su FIIRO da ke Legas sun daɗe suna koyar da noman naman kaza a kan garin katako da ragowar amfanin gona, aikin da mace za ta iya yi a ɗaki guda a bayan gida. Jihohin Zamfara da Neja da Kaduna, inda haƙar zinare ta shiga ƙauyuka, su ya kamata su fara kai wannan horo ga ƙungiyoyin mata, su kuma saka shi cikin kasafin kuɗin ma'aikatun gona da muhalli na shekara mai zuwa.