Girman Talabijin Ba Shi Ne Kyan Hoto Ba

A ganina, rububin sayen manyan talabijin da ake yi a Kafanchan, Kagoro da Zonkwa yana buƙatar sake tunani. Magidanci zai ci bashi ya sayi mai inci 55, alhali kyan hoto ya dogara ne ga yawan layukan ɗigon da suka haɗa shi. HD tana da layi 720, cikakkiyarta 1080, 4K kuwa 2160. Idan dikodarsa tsohuwa ce mai layi 576, faɗin gilashin sai dai ya ƙara tona dishi-dishin hoton, ga kuma kuɗin man janareta. Mu ɗaliban harshe, haƙƙinmu ne mu fayyace wa iyayenmu waɗannan lambobi da Hausa kafin su biya. Daidai ruwa, daidai tsaki.