DANDALIN SHAƘATAWA: Zanzibar A Ido, Mitfai A Tukunya

A wannan watan zance biyu na ɗaure da igiya ɗaya, wato hutu a tsibiri da gashin mitfai a gida. Na san wata za ta ce, "Haba Anti, me ya haɗa kifi da kaska?" Ku dai biyo ni a sannu, za ku ga inda suka haɗu.

Duk wanda ya taso da kallon finafinan Indiya ya san wurin nan. Saurayi da budurwa suna tsakiyar gari ana ta rigima da iyaye, da an saki kiɗa sai ka gan su a bakin teku, ga farin rairayi, ga ruwa garai-garai, ga bishiyoyin kwakwa iska na kaɗa su. Ku tuna Kaho Naa Pyaar Hai na shekarar 2000, inda Hrithik Roshan da Ameesha Patel suka maƙale a wani tsibiri su biyu. A ƙasar Tailan aka ɗauki wannan ɓangaren. Tun kafin nan, a 1983, an kai Rajesh Khanna tsibirin Morishus aka yi Souten, kuma a can ɗin aka ɗauki wani sashe na Kuch Kuch Hota Hai na 1998. Mu kuwa a nan, furodusa ya kan kwashi 'yan wasa zuwa Tiga ko duwatsun Jos, darakta ya nemi inda ruwa da tsirrai suka fi kyau ya kafa kyamara. Buƙatar dai ɗaya ce, a fitar da mai kallo daga zafi da ƙura na minti biyar.

Inda gizo ke saƙar shi ne, wasunmu sun ɗauki minti biyar ɗin nan a matsayin rayuwa. Yanzu ga Instagram ya zo ya ƙara wa wutar fetur. Yarinya ta ga hoton jaruma a bakin teku, shi ke nan ɗakin uwarta ya zama kurkuku. Ana maganar lefe, ita tana maganar hanimun a tsibiri. Yaro kuma don kada a raina shi, ya je ya ci bashin da zai shekara biyu yana biya. Wallahi abin ba daɗin ji. Ba wanda ke gaya masu cewa waƙar nan ta minti biyar kwanaki ake yi ana ɗaukarta, da masu riƙe haske, da mai kwalliya yana goge gumi bayan kowane kat, kuma kuɗin na furodusa ne, jarin da yake jiran ya dawo da riba. Jarumar aiki ta je yi.

Ni ba na cikin masu cewa kada a yi sha'awar tafiya. Tafiya mabuɗin ilmi ce. Abin da nake so shi ne mu san tsibirin gaskiya, mu kuma san hanyar da ake bi a kai gare shi. Bari mu ɗauki wanda yake a nahiyarmu.

TSIBIRIN KANUMFARI

Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka, kuma ɓangare ce ta ƙasar Tanzaniya tun haɗewarta da Tanganyika a watan Afrilu na 1964. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba. Unguja ita ce wadda baƙi suka fi zuwa, ita ce kuma ake nufi in an ce an tafi Zanzibar. Daga birnin Darussalam jirgin ruwa mai gudu yana kai mutum cikin kamar awa 2. Ƙidayar 2022 ta nuna mutanen tsibiran sun kusa miliyan 1.9, kuma mafi yawansu Musulmi ne, saboda haka batun abincin halal da wurin salla ba abin damuwa ba ne ga Bahaushe. Harshensu Suwahili ne, kuma kunnenka zai riƙa tsintar 'yan uwa a ciki, domin mu da su duk mun sha daga Larabci. Mu ce labari su ce habari, mu ce sabulu su ce sabuni, mu ce kanumfari su ce karafuu.

Wannan kanumfarin shi ne tarihin wurin. Wajen 1840 Sarkin Oman, Sayyid Sa'id, ya mayar da fadarsa Zanzibar, aka cika ƙasar da gonakin kanumfari har ta zama kan gaba a duniya wajen nomansa. Yanzu Indonesiya ce ke gaba, amma har gobe Pemba na noma shi. Sai dai fa gonakin nan da gumin bayi aka gina su. Kasuwar bayi ta birnin sai a 1873 aka rufe ta, kuma har yanzu ana kai baƙi su ga wurin. Wanda ya je ya tsaya a hoton bakin teku kaɗai, ya bar rabin labarin a baya.

Tsohon birnin, wanda ake kira Stone Town, hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2000. Lunguna ne matsattsu da manyan ƙofofin katako masu sassaƙa, ɗan cikin ganuwar Kano ba zai ji baƙunta ba. Ga kuma abin da ya shafe mu 'yan kallo: mutanen nan su ma mayun finafinan Indiya ne tun zamanin gidajen silima. Suna da bikin baje kolin finafinai na duniya, ZIFF, wanda aka kafa a 1997. Ana haska finafinai da dare a fili a cikin tsohuwar ganuwar birnin, babbar kyautarsu kuma sunan jirgin ruwan gargajiyarsu take ɗauke da shi, wato Golden Dhow. Furodusoshinmu, kuna ji dai ko? Ga hanyar zuwa tsibiri da mutunci, a yi fim mai ma'ana, a fassara shi da kyau, a aika.

To ga abin da waƙa ba ta nunawa. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ake tafkawa, wanda ya je a lokacin zai ƙare hutunsa a taga. An fi jin daɗin zuwa daga Yuni zuwa Oktoba. A gabashin tsibirin, wajen Paje da Jambiani, teku na janyewa nesa sau biyu a rana, sai ka ga fili fetal inda ɗazu ruwa yake. A lokacin ne matan ƙauyen ke shiga da zannuwansu suna noman ciyawar teku, su shanya su sayar. Wato wurin da baƙuwa ke gyara tsayuwa a ɗauke ta hoto, gonar wata ce. Mai son iyo a kowane lokaci sai ya nufi arewa, Nungwi ko Kendwa. Akwai sauro, akwai zafi. A cikin gari kuma ana son baƙo ya suturta jikinsa, shigar rawa da waƙa ba ta da kasuwa a can.

Sai takardu. Ana buƙatar fasfo, da katin rigakafin shawara, da biza wadda ya kamata a nema tun daga gida kafin a sayi tikiti. Tun 1 ga Oktoba 2024 kuma an wajabta wa baƙi sayen inshorar dala 44. Daga Nijeriya yawanci ta Adis Ababa ko Nairobi ake bi. A haɗa da masauki da abinci, sai a ga ashe hangen Dala ba shiga birni ba ne.

DAGA FORODHANI ZUWA MADAFINMU

Da magariba ta yi, filin Forodhani da ke bakin ruwa a Stone Town ya kan cika da masu abinci. Ga tsirensu da suke kira mishkaki, ga ruwan rake da citta da lemon tsami. A gari kuma akwai vitumbua, wadda wainar shinkafa ce sak, illa dai da madarar kwakwa ake kwaɓa ta. Sai wani abu da suke kira fizar Zanzibar: kwaɓin fulawa ne ake miƙarwa siriri, a zuba niƙaƙƙen nama da albasa da ƙwai, a naɗe a toya a kasko. Ku dube shi da kyau, ɗan uwan mitfai ne. Kayan ƙamshin da ake kai baƙi gona su biya kuɗi su gani kuwa, kanumfari da kirfa da masoro da citta, duk ga su nan jibge a Kasuwar Kurmi da ta ƙauyenku. To me zai hana mu jawo ƙamshin tsibirin zuwa gida?

Kayan kwaɓi: fulawa rabin kilo, bota gram 250, bakin hoda ƙaramin cokali 1, gishiri kaɗan, ruwan sanyi kamar rabin kofi, ƙwai 1 na shafawa.

Kayan ciki: niƙaƙƙen nama gram 300, dankalin turawa 2, karas 2, albasa 1, attaruhu 2, dunƙule, kanumfari ƙwaya 3, kirfa da masoro da citta kaɗan-kaɗan, madarar kwakwa rabin kofi, fulawa babban cokali 1.

Da haɗin ciki za ki fara, 'yar uwa, don ya samu ya huce. Soya albasa da mai kaɗan, ki zuba nama kina juyawa har ya daina ja. Zuba dankali da karas da kika yanka ƙanana, da attaruhu da dunƙule da dakakken kayan ƙamshi. Ki yi hattara da kanumfari, ƙwaya 3 sun isa, in ya yi yawa sai ya koma kamar maganin haƙori. Sa ruwa kaɗan ki rufe. In dankali ya yi laushi, dama fulawar nan cokali ɗaya a madarar kwakwa ki juye. Ita ce za ta kama haɗin ya yi danƙo, ba ya tsiyaya ba ya bushewa. Madarar kwakwa kuwa ba sai ta gwangwani ba: kankare kwakwa, ki markaɗa da ruwan ɗumi, ki tace.

Sai kwaɓi. Tankaɗe fulawa da bakin hoda da gishiri, ki sa bota mai sanyi ki riƙa murtsukewa da kan yatsu har ya koma kamar garin rogo. Zuba ruwan sanyi kaɗan-kaɗan har ya haɗe. A nan ne da yawa ke ɓata rawarsu da tsalle, su yi ta bugun kwaɓi kamar na burodi. Yawan bugu shi ke sa fulawa ta yi jijiya, mitfai ya fito da tauri. Da ya haɗe ki ƙyale shi, ki rufe ya huta minti 30 a wuri mai sanyi.

Barbaɗa fulawa a tebur, ki murza da abin murji ko kwalba mai tsabta, kada ya yi kauri kada kuma ya yi shara-shara. Fitar da da'ira da murfin ƙaramar samira. Zuba haɗi cokali ɗaya a tsakiya, kuma lallai ya huce, don mai zafi narkar da botar yake yi kwaɓin ya saki. Shafa ruwa a baki-baki, ki ninke, ki danne da cokali mai yatsu. Huda sama sau biyu don tururi ya samu hanya, in ba haka ba ya fashe. Shafa ƙwai a kai don ya yi ja yana ƙyalli. Wannan awon zai ba ki kamar guda 12.

Mai obin ta sa a maki 180 na minti 25 zuwa 30. Wadda ba ta da shi kada ta karaya, kuma ko mai shi ma ai sai an kawo wuta. Samu babbar tukunya mai kauri, ki zuba wankakken yashi busasshe ko gishiri a ƙasa, ki ɗora duwatsu uku ko gwangwanaye gajeru, ki rufe ta yi zafi minti 10. Jera mitfai a faranti na ƙarfe da kika shafa wa bota, ki ɗora a kai, ki rufe ruf. Wuta kaɗan a ƙasa, garwashi kaɗan a kan murfi don sama ya gasu. Kada ki yi ta leƙe, kowane buɗi zafi ne ke tafiya. Cikin minti 35 zuwa 40 maƙwabta za su fara aiko yara tambaya.

Mai son na zaƙi kuma, da wannan kwaɓin za ta shimfiɗa a faranti mai zurfi, ta haɗa kankararriyar kwakwa kofi 2 da ƙwai 2 da madara da sukari da ɗan kirfa, ta juye ta gasa. Da shayin citta ake shan wannan, ana kallo.

Samari, ban manta da ku ba. Masu gashin burodi da tsire da balangu yawancinsu maza ne, ba wanda ya ce sun rage daraja. Ku ma ku naɗe hannun riga.

To yanzu kun ga abin da ya haɗa kifi da kaska. Mitfai abin sayarwa ne. Makarantu na so, shaguna na so, gidan biki da suna na so, kai har a lokeshan 'yan fim na neman abin taɓawa tsakanin fitowa da fitowa. Ki rubuta duk abin da kika kashe, har gawayi da leda, ki raba da yawan abin da kika samu, sannan ki sa ribarki. Uwar kuɗi daban, riba daban, daga ribar ki shiga adashi. Ba zan yaudare ku in ce wata uku za a hau jirgi ba. Abu ne na shekaru, wataƙila ma kafin kuɗin su taru kin canza shawara kin sayi obin ko kin biya kuɗin makaranta. Ko ma wanne ne, kuɗinki ne, ba mai bin ki bashi, ba mai yi maki gori, ba kuma wanda zai ce ki biya shi da abin da ya fi kuɗi tsada. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Duk wadda ta gwada, ko wanda ya gwada, a rubuto mana yadda ta kaya, ko ya yi kyau ko ya ƙone, za mu buga a shafin wasiƙu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Ku huta lafiya.